Hajja Batula da kwandon baranda

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsaka da wanke shinkafa da safen nan aka buga mini waya: Hajja Batula ta rasu a asibiti. Har yanzu shinkafar tana cikin ruwa.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce tsohuwar da ke hawan da ke samanmu a nan unguwar Faisal. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun taso aikin Hajji a ƙafa suka yada zango a can. Ta yi shekaru tana jinyar wata tsohuwa 'yar Italiya a nan Alƙahira. Da matar ta mutu, ta bar mata yaren a baki da kwali cike da faya-fayen fim.

Ba zan manta ranar da ta fara ƙwanƙwasa mini ƙofa ba. Lokacin dokar hana fita ne, maigidana yana unguwar Darrasa wajen karatu, ni kuma ina kwance da littafin soyayya, na kai wajen da ake kawo lefe. Ta dubi bangon littafin, ta dube ni.

"Ke amarya, sun yi auren ko da saura? Yalla, taso ki ga inda ba a aure."

Na bi ta ne don kunya. Mata huɗu na tarar a tabarma, da shayi mai kanumfari.

Jama'a, ban taɓa sanin ana yin fim haka ba. Minista ya rungumi mutumin da ya sa aka kashe ɗan jarida, ya sumbace shi a kumatu biyu. Wanda ya yi kisa shi ne a gaba wajen ɗaukar makara, har da hawaye. Alƙali yana cin taliya shi kaɗai, masu gadi tsaye a kansa, matarsa ta kwashe yara ta tafi saboda tsoro. Gidajen marmara, coci-coci masu tsayi, teku shuɗi kamar an rina, kuma a ciki ake sayar da gari sukutum.

Duk muryoyin nan Hajja ce ke yin su da Hausa. Ta yi ta minista, ta yi ta bazawara, ta yi ta ɗan daba har da tari. Takan nuna da rimot: "Wannan shi ne minista. Wancan mai shiru a kusurwa, shi ne mai ministan."

Kullum sai na ce alƙalin zai ci nasara matarsa ta dawo. Kullum sai ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Ma'alish, yi haƙuri 'yata. Wannan ba littafinki ba ne."

Ita ta koya mini hawa mikrobas, ƙaramar motar hayar nan, ba tare da an cuce ni ba. Da na yi ɓari, ita ta kwana uku tana dama mini kunu, ba ta taɓa ce mini in daina kuka ba.

Akwai wani fim da ta tsayar a tsakiya. Wata unguwa ce mai lunguna, mata suna zuro kwando da igiya daga baranda mai burodi yana saka musu, sak yadda muke yi a nan. Muka yi ta shewa, ashe su ma suna da sabat, kwandon barandan nan namu! Sai aka harbe wani mutum a bakin titi. Kwanduna suka yi sama ɗaya bayan ɗaya, tagogi suka rufe. Da 'yan sanda suka zo, babu wadda ta ga komai.

Hajja ta ce, "Ku bar kallon mai bindiga, shi ɗaya ne. Ku kalli tagogin."

Na ji maganarta ranar. Amma na ɗauka abin Italiya ne.

Watan jiya wasu ƙarti da ke karɓar na goro a layinmu suka zo shagon Malam Musa mai turare, mijin Nafisa da muke kallo tare. Ya hana su. Suka farfasa kwalabansa, suka karya masa hannu, da rana tsaka. Lauyar da ke taimaka musu ta bi gida-gida neman shaida ko ɗaya. Kowa ya ce yana cikin ɗaki, bai ga komai ba. Maigidana ya ce, "Mu baƙi ne, takardar iƙamarmu ta zama a ƙasar ko sabuntawa ba a yi ba, kuma mutanen nan sun san ƙofarmu." Gaskiya ya faɗa. Na yi shiru, ina ta kauce wa idon Nafisa a matakala.

Ganina na ƙarshe da Hajja, ranar Talata ne kafin a kai ta asibiti. Na kai mata farfesu, ta sha cokali biyu. Tagarta bayan ginin take kallo, ba ta ga abin da ya faru ba. Ta riƙe hannuna.

"Amarya, ranar nan ina kwandonki yake?"

Na ce, "Yana ƙasa, Hajja. Tumatir nake saye."

"To, kin gani ke nan."

Ta saki hannuna. Ta ce in gyara mata filo, in kuma tafi da kwalin faya-fayen kada ƙura ta ci su.

Ɗazu da na gaya wa maigidana rasuwar, na haɗa masa da tambayar da ta yi mini ranar Talata. Sai ya ce, "In za ki wajen lauyar, tare za mu."

Ya Allah ka jiƙan Hajja Batula, ka yafe mata, ka haskaka kabarinta, ka saka mata da Aljanna Firdausi kan kowane kofin shayi da ta ba baƙuwa a garin nan. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi mata addu'a, ko da bai san ta ba.

Mu ma ku sa mu a ciki. Na kira lauyar. Ranar Lahadi zan je in faɗi abin da na gani.