Turken Mashigi da Sarƙar Santambul

Shekara bakwai ke nan, a irin wannan lokaci na sanyi da tattasai ke kwance ja wur a bakin Komadugu, da aka kashe abokina Malam Ari. Malamin tarihi ne a wata kwaleji a nan Diffa, Babarbare, ɗan manoman tattasai. Ni kuwa ɗan kasuwa ne. Ubana ya zo daga Damagaram ya buɗe shago, na gaje shi, na kuma gaji mutanen da yake sayen tattasai a hannunsu, cikinsu har da gidan su Ari. In ubansa ya kawo kaya kasuwa, a gidanmu suke sauka, a nan muka saba tun muna yara. Da ya zama malami, kullum in ya taso daga lakwal, wato makaranta, sai ya biyo ƙofar shagona inda muke fada, mu aza shayi.

Wanda bai zauna fadar nan ba, da wuya ya gane irin mutumin da muka rasa. Ari ba ya iya jin labari ya bar shi shi kaɗai, sai ya nemo masa ɗan'uwa a wani zamani. Ka ce masa soji sun kifar da gwamnati a wata ƙasa, sai ya ce a Rum ma haka aka yi, masu gadin sarki su ne suka koma suna naɗa sarki suna sauke shi. Ka yi kukan tsadar masara, sai ya kai ka Faransa, ya ce tsadar burodi ce ta fito da mata kan titi, aka ƙare da sare kan sarki, daga baya wuƙar ta juyo kan waɗanda suka wasa ta. Nakan ce masa, "Kai Babarbare, bar mu mu sha shayi, mutanen nan sun mutu tun tuni." Shi kuma ya ce, "Ɗan Damagaram, ai shi ya sa nake sauraronsu. Mai rai ne yake da abin ɓoyewa." Sau da yawa ruwan shayin yakan ƙone a buta muna wannan gardama.

Da fitina ta ƙetaro mana daga hayin kogi, hirar ta daina zama wasa. Mun ga bam ya tashi cikin mutane, mun kwashe abin da ya rage a tabarma. Mun ga ƙauyuka sun tashi kaf sun zo sun kafa bukkoki a gefen kwalta, tsofaffi da jarirai a rana. Kowace safiya da labarin wanda aka yanka a gona ko matan da aka kora daji. Masu yin haka suna cewa addini suke yi, wasu a cikinmu kuma suna cewa ba a taɓa ganin irin wannan ba tun da aka yi duniya. Ari bai yarda da ko ɗaya ba. Yakan ce tun farkon Musulunci an yi waɗanda suka kafirta kowa suka zubar da jinin na gari. Yakan ce Kiristocin Turai sun yi shekara da shekaru suna yanka juna a kan yadda za a bauta wa Allah, har garuruwa suka zama kufai. Yakan ba mu labarin Bagadaza, ranar da mahaya daga gabas suka shige ta, aka ce ruwan kogi ya yi baƙi da tawadar littattafai ya yi ja da jinin masu rubuta su. Sai ya nuna kudu da haɓa ya ce, ga Birnin Gazargamu nan kusa da mu, ina yake yau? Ba don ya tsorata mu yake faɗa ba. Cewa yake gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma sai in an san abin da ya sami wanen.

A ƙauyensu, wanda ke bakin kogi ta wajen hanyar Bosso, akwai wata al'ada tun ta kakanni. A mashigi, inda ake ƙetarawa da ƙafa in ruwa ya janye, akan kafa turken itace a yi masa tsaga daidai ƙirjin babban mutum. In ruwa ya rufe tsagar, an san mutum da jaki ba sa iya ƙetarawa. In ta fito fili, hanya ta buɗe, a fara zuwa kasuwannin hayi. Da turken nan suke sanin lokacin dasa tattasai da lokacin matsar da injin ban ruwa. Da fitina ta zo, sai turke ya sami sabon aiki. Ƴan bindigan da ƙafa suke zuwa, ta mashigi, ga shi kuma hukuma ta kwashe jiragen ruwa kaf daga wannan yanki. Saboda haka mutanen ƙauye suka yanke cewa muddin tsaga tana cikin ruwa, to a zauna a yi noma. Ranar da ta leƙo, a tattara a tafi Diffa. Shekara biyu suna haka, kuma bai ba su kunya ba.

Ari kaɗai ne turken nan ya hana sukuni, domin mahaifiyarsa Ya Kellu tana can, ita da gonarta da kabarin mijinta. Ina wurin ranar da ya yi wa dattawa magana a ƙarƙashin tsamiya, na je duba kaya. Ya ba su labarin Santambul. Ya ce birni ne mai ganuwa wanda ya gagari mayaƙa ƙarni bayan ƙarni, kuma a bakin mashigin ruwansa akwai wata ƙatuwar sarƙa da ake ja a tare hanya, babu jirgin da ke wucewa. Mutanen birni suka sakankance da sarƙarsu. Da Turkawa suka zo, ba su taɓa sarƙar ba. Gumagumai suka shimfiɗa a kan tudu, suka shafa musu kitse, suka jawo jiragensu ta ƙasa suka zuba su cikin ruwa ta bayan sarƙa. Gari ya waye, ga jirage a inda aka ce jirgi ba ya zuwa. Ya ce musu turkensu yana faɗin zurfin ruwa ne kawai, bai san abin da ke zuciyar mai son ƙetarawa ba.

Bulama, mai garin, ya saurare shi har ƙarshe, dattijo ne mai kunya. Sannan ya ce, "Malam, mun gode. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ka san kogin Turkawa, mu mun san namu." Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Gaskiya ni ma ban ga laifin Bulama ba a ranar. Mutum ya zuba ƙarfinsa na shekara a gona, tattasai ya nuna, ka ce ya tashi ya bari saboda wani abu da ya faru a wata ƙasa tun kafin a haifi kakan kakansa? Ya Kellu ma cewa ta yi boko ya sa ɗanta yana jin tsoron mutanen da suka riga mu gidan gaskiya.

Bai daina ba. Ya yi ta lallashinta mako bayan mako har ta ce to, amma da sharaɗi. Ranar da na je da mota ɗaukar kaya, rabin tattasanta yana cikin buhu, rabi yana shanya bai gama bushewa ba. Ta ce ba za ta bar shi ga awaki ba. In Ari yana son ta hau mota, sai shi ya zauna ya tsare mata shanya har in dawo ɗauka ta biyu. Na dubi turke, ruwa ya shanye tsagar har ba a ganinta. Na dubi Ari, yana murmushi. Ya ce da ni, "Tafi da ita, Ɗan Damagaram. Yau dai na ci gari ɗaya." Ya ɗaga ta ya zaunar da ita a gaba, ya gyara mata zane a gwiwa. Ta madubi na hango shi ya shimfiɗa buhu a gefen shanya ya zauna. Kowa a filin nan ya ba kogi baya yana aikinsa, shi kaɗai ya juya fuskarsa wajen ruwa.

Ba mu kai kwalta ba muka ji harbi. Na tsaya a kan tudu. Hayaƙi ya tashi daga ƙauyen, baƙi, mai kauri, iska ta kawo mana shi. Wanda bai taɓa shaƙar hayaƙin tattasai yana ƙonewa buhu-buhu ba, kada Allah ya nuna masa. Daga wannan nisa ido yake rufewa, maƙogwaro ya shaƙe. Ya Kellu ta buɗe ƙofa za ta sauka ta koma da ƙafa, na riƙe ta da ƙarfi na ja mota. Har muka iso Diffa ba ta yi kuka ba, tari kawai take yi tana kiran sunansa.

Washegari muka koma bayan motar soji. Ba zan faɗi duk abin da na gani ba, amma ba zan yi shiru gaba ɗaya ba, domin masu cewa a manta sun yi yawa. A filin shanya aka tara maza. An ɗaure su ta baya da igiyar ɗinkin buhu. Wasu an harbe su, wasu an yanka su, jini ya haɗu da tattasai har ba ka rarrabewa sai ka taka. Bulama yana cikinsu. A bakin ruwa ga jirage a yashe, a hayi kuma ga sawun amalanken shanu ya fito daga daji har gaɓa. Daga wajen babban tafkin da kogin ke zuba a ciki suka ɗauko jiragen ta ƙasa, suka zuba su a wani lungun kogi sama da mashigi. Turke yana tsaye inda yake, tsagarsa na cikin ruwa.

Modu mai gyaran injin ban ruwa, wanda ya kwanta cikin magudana ya tsira, shi ya ba ni sauran labarin. Ya ce Ari ne ya fara ganin jiragen, tun da shi ke kallon ruwa. Da ya miƙe, daji yana hagunsa, da ya bi nan da ya sha. Sai ya ruga cikin gari yana ihu da Barbarci a gudu, a gudu. Duk matan da yaran da suka tsira a ranar, da ihun nan suka tsira. Da aka kama shi aka jera su, sai aka bi ana duba tafin hannu. Na kowa da kanta irin ta manomi, nasa kuwa sumul. Nan suka gane malamin lakwal ne, da shi suka fara. Hausawa sun ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. A nan wanda ya ce bari shi aka fara yi wa hoho, kuma wannan abu har yau yana ci mini rai.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da yana nan. Sojin Turawan da muka saba gani sun kwashe sun tafi, ana maganar sababbin abokai, kowa a fada ya zama masanin siyasar duniya. Samari suna ta tura wa juna guntayen tarihi a waya, kowa ya tsinci wanda ya yi daidai da fushinsa ya bar sauran. Na san zai ji daɗin ganin suna tambayar abin da ya wuce, zai kuma yi faɗa da rabin sani kamar yadda ya saba. Zai ce ƙasar Borno ta ga baƙi iri-iri, masu raƙumi da masu bindiga da masu takarda, babu wanda ya zo don Allah, babu kuma wanda ya dawwama. Ni abin da ke ba ni haushi shi ne iyayen da har yanzu suke ce wa ƴaƴansu tarihi ba ya cika tukunya, su karanci abin da zai ba su aiki a ofis. Na tsaya a filin shanyar nan, na ga abin da rashin jin labarin wasu yake jawowa.

Ya Kellu ta zauna a gidana shekaru. Sau ɗaya tak ta taɓa yi mini maganar ranar, muna zaune tana tsinke hancin tattasai, ta ce, "Afuno, ni na ce ya zauna." Afuno shi ne Bahaushe a bakinsu, haka take kirana tun ina yaro. Da aka fara mai da mutane ƙauyukansu, ta ce ita ma za ta koma, na yi juyin duniya ta ƙi. Samarin da suka rage suka gyara gidaje, suka tayar da injuna, suka sari sabon turke za su kafa a mashigi. Modu ya ce mini ta sa aka kai ta bakin ruwa ranar. Ba ta hana su ba. Ta ce su kafa, su san lokacin dashe da shi, amma daga yau duk ranar da ake aiki a shanya, sai an ware mutum ɗaya ya hau tsamiya ya kalli kogi, ko da ruwa ya kai wuyan raƙumi. Har yanzu ana yi, gida-gida ake karɓa.

Ari bai bar littafi ba, bai bar gida na kansa ba, ko hotonsa mai kyau ba ni da shi. Na auna na sake aunawa, abin da na ga ya rage nasa shi ne mutumin nan da ke kan tsamiya, da tsohuwar da ke zaune a gindinta. Makon jiya na je ɗaukar kaya na same ta, idonta ya yi rauni, fuskarta dai na wajen ruwa, mata sun kewaye ta suna cika buhu tana ba su labarin Santambul. A bakinta sarƙar ta zama igiyar kaba, jiragen kuma a kan jakuna aka ɗauko su. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Ya Kellu, ba jakuna ba ne, a kan gumagumai aka jawo su."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Afuno, jaki ne ko gungume, ta inda ba a kallo suka zo. Matsa, ka tare mini kogi."

Allah ya jiƙan Malam Ari da waɗanda suka kwanta tare da shi a filin shanya, ya sa ruwan nan ya riƙa kawo mana kifi kawai.