Gulmar da Kawu Ke Saurare a Waya

Shekara talatin Kawu yana aski a shago mai kujera ɗaya, da madubi mai tsaga a gefe, da bencin da ba ya rabo da mutane. Askin nasa dai ga shi nan. Bakinsa ake biya. Kafin ya gama maka saisaye ka san wanda ya sayar da gida da wanda surukarsa ta zo kwana biyu ta shekara.

Da na dawo daga karatu na tarar idonsa ya fara gajiya da jarida, sai na zuba masa littattafan saurare a waya, na haɗa masa da abin sawa a kunne. A ganina alheri na yi.

Kawu ya yi tsit. Almakashi na tafiya, shi yana can wata duniya. Wani lokaci ya tsaya cak a tsakiyar kan mutum ya ce, "Kash, wawa kawai!" mai kan ya zabura. Cikin wata guda benci ya zama wurin barcin kyanwa.

"In shiru nake nema ai asibiti zan je," in ji Direba, tsohon abokinsa, ya tsallaka shagon da ke kallon nasa.

Inna, matar Kawu, ni ta tare. "Ɗan nan, kai ka kawo, kai za ka kwashe. Littafi ba ya ɗora tukunya."

Na lallashi Kawu ya daina. Ya dube ni kamar na zage shi. "In bar baiwar Allah a tasha, ban san ko mijin ya zo ba?"

Bayan mako biyu na je aski, na tarar benci ya cika, kunnen Kawu babu komai. Yana cewa ƙasa-ƙasa, "Kun san wani mai sayar da katako can bayan kasuwa? To wasiƙar nan da ya ɓoye shekara goma, 'yarsa ta gano ta."

Babi na bakwai ne, ni na sa masa littafin. Ashe da sassafe yake saurare, ya zo ya raba wa jama'a da zafinsa.

Ina zaune kan kujerar askin, na buɗe baki ke nan zan tona shi, Kawu ya danna kaina ƙasa, ya ɗora reza a ƙeyata.

"Ai na san shi," in ji Direba. "Dogo, mai ɗan ɗingishi. Ni tun can ban yarda da shi ba. To sai 'yar ta yi yaya?"

"Yi haƙuri, mutumina," in ji Kawu, yana karkaɗe tawul. "Mai kawo min labarin a hankali yake magana."