Haladu da Mutumin Gwalalo

Haladu mai haƙa kushewa ne a wani ƙauye kusa da Zugu. Daga ubansa ya gaji aikin, kuma duk wanda ya rasu a ƙauyen nan cikin shekara arba'in, hannun Haladu ne ya gyara masa makwanci. Ba shi da yawan magana. Matarsa Turai takan ce da ƙasa yake hira, mutane sai gaisuwa.

A ranin 1981 wani malamin jami'a, Malam Hayatu, ya zo ya kafa tanti a kufan da ke bayan ƙauyen. Tsohuwar ganuwar kufan ta zube ta zama tudu. Gwalalo, wato ramin da aka kewaye ta da shi, ya cike da ƙasa da sabara. Malam yana son ya gano yadda aka ci garin nan, don babu tsohon da ya sani. Ya ɗauki maza shida, har da Haladu, suka ja igiya, suka yanka rami ya ratsa gwalalon. Kwana biyu ya gane Haladu daban ne. Da ya murza ƙasa a yatsu sai ya ce, "Wagga an taɓa tona ta," a duba kuwa a tarar haka ne.

Wata Juma'a Malam ya tafi Anka neman fim ɗin hoto. Kafin ya tafi ya ce duk abin da aka gani a bar shi inda yake. Hantsi ya yi, sauran suka fita shirin masallaci, Haladu ya tsaya ƙarasa wata kusurwa. Nan digarsa ta taɓa abin da hannunsa ya sani. Ya ajiye ta, ya share ƙasa da tafi. Ƙasusuwan mutum ne, rub da ciki, baki cikin ƙasa, hannu ɗaya a miƙe, ga tsinin kibiya a haƙarƙari.

Haladu ya tuna maganar Malam. Amma bai taɓa fita daga rami ya bar mutum a kife ba. Ya ɗaga kai ya nemi rana, ya juya ya juya har ya sami gabas. Ya haƙa 'yar kushewa a gefe, ya kwance rawaninsa ya naɗe ƙasusuwan, ya kwantar da su ta dama, fuska na kallon alƙibla, ya jera itace ya rufe.

Da la'asar Malam Hayatu ya dawo, Haladu ya gaya masa abin da ya yi. Bai yi faɗa ba. Zama ya yi a bakin ramin, ya daɗe.

"Baba Haladu, kansa ina ya nufa? Wajen ganuwa ko wajen daji?"

"Mi ab bambanci, Malam?"

"In ganuwa ya nufa, mahari ne aka harbo daga sama. In daji ya nufa, ɗan gari ne yana gudu. Ko kakanku ne, ko wanda ya zo kashe kakanninku. Shi kaɗai ya rage da zai gaya mana."

Haladu ya leƙa ramin. Hannun nan da ke miƙe yana ganinsa sarai, amma inda yake nunawa ya ɓace masa a juye-juyen neman gabas.

Aiki ya ƙare, aka cike ramin, Malam ya tafi bai sake dawowa ba. Haladu kuwa kowace kaka sai ya je ya gyara tudun kushewar. Sau da yawa Turai takan tarar da shi tsugune a tsakar gida, ya ja layi a ƙasa, ya ɗora karan dawa, ya juya shi nan, ya juya shi can.

"Mai gida, kai hwa sutura kay yi mai. Mi yar rage?"

"Na ba shi alƙibla, Turai. Labarinai nar raba shi da shi."

Shekara bakwai yana haka. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ƙanensa Isa, wanda zai haƙa tasa kushewar, yana zaune yana masa fifita. Haladu ya kama hannunsa, ido a buɗe kamar mai leƙa rami.

"Isa, wajen ganuwa ne."

Isa ya ce to, Yaya.

Can sai Haladu ya sake matse hannun. "A'a. Dakata."