Idi Kaboyi Ya Yi Shiru

Ina wanke hannu a bakin garejinmu da ke Madinar Masana'antu a Jidda, ana shirin azahar, sai Haruna ɗan abokina Idrisu ya tsaya a bayana, ya kira ni baffa da Larabci ya ce, "Ammi Sale, Baba ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan wata taya, abin da ya fara zuwa mini bayan salati kuwa haushi ne. Likita ya hana shi sukari, matarsa ta hana shi, ni ma na yi magana har na gaji. Idrisu sai ya ƙara cokali a shayinsa ya ce, "Halas, ya isa, ya shekh, wanda ya yi harshe shi ya yi zaƙi."

Idrisu haifaffen Jidda ne, jikan alhazan da suka zo daga Kano a ƙafa ba su koma ba. Ni daga Sudan na zo neman aiki. Babbar mota ɗaya ta haɗa mu, muna kai siminti Madina, ya tuƙa in karɓe shi. Kafin nan ya yi wa wani injiniya Ba'amurke direba a tashar jiragen ruwa, da mutumin zai koma gida ya bar masa garmaho da akwatin faya-fayi. Waƙar kantiri ce a ciki, waƙar mutanen karkarar Amurka. Tun daga ranar unguwar Mahjar ba ta sake hutawa ba, ita ce ma ta sa masa Idi Kaboyi.

Sauraro bai ishe shi ba, sai ya koyar, ni ne kuma ba ni da wurin gudu. Daga Jidda zuwa Madina zai ɗauko tarihin daga tushe. Manoma ne a tsaunuka da gogensu, kamfanin faifai ya aika da na'ura aka ɗauki muryarsu. Rediyo ya kai ta gida gida duk Asabar. Bayan yaƙin duniya aka sa wa jita lantarki don hayaniyar masu rawa ta daina danne ta. Da Idi ya samu rakoda abin ya ƙara lalacewa.

"Ka ji wannan? Banjo ke nan. Ɗan gurminmu ne, bayi suka tsallaka teku da shi."

"Idi, dubi hanya."

"Hanya tana nan, ya akhi. Kai dai saurara."

Shekarun da attajiran birnin Nashbil, cibiyar waƙar, suka ture gogen ƙauye suka cika waƙar da 'yan amshi masu taushin murya, Idi ya yi fushi kamar gonar ubansa aka sayar. Ni ya huce a kaina. Da wasu masu gemu suka ɓalle kwanan baya suka koma wa tsohon salo, ya saya mini ƙosai don murna, alhali ban taɓa tambayarsa ba.

Amma wannan mutumin ne, da kafilina, wanda ya tsaya mini a kan takardun zama a ƙasar, ya riƙe mini fasfo mahaifiyata tana jinya a Sudan, ya je ya zauna a ƙofar ofishinsa kullum, bai zagi kowa ba, har mutumin ya ji kunya ya miƙo. Bai taɓa tuna mini ba.

Wata bazara mota ta mace mana kusa da Rabig da tsakar rana. Zafi ya buge ni, na faɗi, ido ya fara rufewa. Idi ya ja ni ƙarƙashin mota, ya jiƙa rawaninsa da ragowar ruwanmu ya naɗa mini, shi bai sha ba. Sannan ya zauna a kaina ya fara rerawa da Turancinsa na kanti, murya kamar tsohuwar ƙofa. Na ce, "Don Allah bar ni in mutu lafiya." Ya ce, "Yalla, yi ta fushi, Sale. Muddin kana zagina na san kana nan." Haka ya yi ta yi har wata motar ta tsaya mana.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, Ummu Haruna ta sa aka turo mini akwatin faya-fayin nan daga bayan labule. Ta kira ni da sunan 'yata ta ce, "Abu Fatima, kai kaɗai ka san kansu." Ni da na fi kowa shan wahalarsu, na sunkuya na ɗauki akwatin. Yana ƙarƙashin gadona yanzu, matata tana tuntuɓe da shi tana hararata.

Ya Allah, ga bawanka Idrisu ya zo. Ka san taurin kansa, Ka kuma san bai taɓa barin abokin tafiya a hanya ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka shayar da shi ruwan da ya hana kansa saboda ni. Ka ba Ummu Haruna da Haruna da ƙannensa haƙuri, Ka tsaya musu. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.