Kartar Kaka da Masu Awo

A shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori, kakata Inna Tumba ta shigo da karta cikin tatsuniya, abin da har yau nake mamaki. Muna wani ƙauye kusa da Maradun, gonarmu a bakin gulbi. Ƙanen babana, Baba Ƙarami, yana leburanci a wurin aikin, can ya koyo wani wasa ya nuna mata. Tsohuwar da ko ƙwallo take kira aikin shaiɗan, sai ga ta bayan sallar isha'i ta baje karta a faifai kusa da murhu.

"Ba caca ba ta, tunda ba a aje kwabo ba," in ji ta. "Matso, angona."

Guda ashirin da ɗaya ne. Ta ce in zaɓi ɗaya a raina. Ta raba su ɗaya-ɗaya zuwa layi uku, ta tambaye ni layin da tawa take. Na nuna. Ta tattara, ta sa wannan layin tsakanin sauran biyun, ta sake rabawa. Sau uku muka yi haka. Sannan ta ƙirga, ta goma sha ɗaya ta ɗaga. Tawa ce. Tsoro ya kama ni, na duba bayanta ko akwai mai raɗa mata.

Sai ta ce ga ta nan, mu buɗe kunne. Wai wani manomi ne baƙi suka zo masa, suka gaishe shi da ladabi, suka tambayi wace ce gonarsa. Ya nuna, suka kafa turke. Suka dawo sau biyu, yana nunawa, turaku suna matsowa. Da gari ya waye bayan zuwa na uku, ya tarar babu gonar, sai rami.

Ban gane ba. Na ce a sake wasan, na yi mata ƙaryar layi, ta ɗaga wata daban. Ta yi dariya har da tari.

"Ka gani? Ni ban san komi ba. Kai ka ba ni ita da yatsanka."

Ashe ba don ni take yi ba. Babana yana zaune a bakin ƙofa, kuma gobe masu awon gwamnati za su zo a nuna musu gonaki kafin ruwan dam ya taso. Ya saurara har ƙarshe. Washegari ya tafi kasuwar Talata Mafara, bai nuna komai ba.

Ruwa ya zo duk da haka. Maƙwabtan da suka nuna an ba su wani tsandauri a tudu, suna ta tsinuwa. Mu ko tsandaurin ba mu samu ba. Babana bai taɓa ɗora mata laifi ba, amma ta daina tatsuniya.

Na girma, na gane wasan ba ya bukatar gwaninta, ko a hannun wa yake haka zai fito. Sauran ne ya gagare ni. Tana jinyar ajali a Bakura na tambaye ta wanne ne daidai, nunawa ko ƙin nunawa.

"Na zaci karta ɗaya suka so, angona," ta ce. "Ban san da faifan za su tahi ba."