Maitama Kafinta da Ɗakin Iya Zinariya

Da an idar da sallar asuba a unguwar Lalala, Malam Maitama kafinta ba ya tsayawa hirar bakin masallaci. Zai saɓa buhunsa mai guduma da zarto da ƙarfen cire ƙusa, ya bi lungu yana duban bangon mutane kamar wanda akuyarsa ta ɓata. Jan fenti yake nema. Duk gidan da aka zabga wa jan fenti, kwanansa ya ƙare. Sai ya yi sallama, ya zauna, ya tambayi masu gida kwana nawa aka ba su.

Shekara talatin da huɗu ke nan da ya baro Gwarzo ya zo Libreville. Ya zo ne don ya kafa gidaje, amma shekarun nan na baya kwancewa ta fi yawa. Garin nan yana ci ba ya ƙoshi, yau titi, gobe bene. Mutanenmu kuwa yawanci fili suke haya a hannun ɗan ƙasa su kafa ɗakin katako. Ranar da aka sayar da filin, ko aka ce unguwar ta koma ta benaye, da mai fili ake zama. Baƙo katakonsa kawai gare shi, katafila kuma ba ruwanta da katako.

Wani kafintan fizgewa yake yi, wanda ya tsage ya tsage. Maitama ƙusa ɗaya ɗaya yake zarewa, ya miƙar da ita, sannan ya karta lamba a jikin kowane katako da tsinin ƙusa, don alli ba ya jure ruwan garin nan. Gabas ɗaya, gabas biyu, har ya zagaye ɗakin. 'Yan tsokana suna cewa sai ya gaisa da ƙusa ya tambayi iyalinta kafin ya cire ta. Shi dai murmushi yake yi. Gidajen da ya kwance suna nan tsaye a bayan gari, masu tsokanar ma wasunsu a ciki suke kwana.

Bara da damina jan fentin ya sauka a layinsu, gida goma sha bakwai har da shagonsa. Sau biyu a baya an taɓa shafa musu, ba wanda ya zo har fentin ya koɗe, saboda haka kowa ya ce an saba. Sai da aka wayi gari da katafila a bakin lungu, aka ce saura kwana uku.

A layin akwai Iya Zinariya, tsohuwar mai waina da ta makance shekara goma sha biyu. A cikin ɗakinta ba ta neman jagora. Hannunta ya san kowane katako, ya san ƙusar da take rataye carbi, ƙafarta ta san taku nawa ne zuwa buta. 'Yarta Zubaida tana sayar da atamfa a kasuwar Mont-Bouët, tun safe sai magariba, kuma hankalinta kwance yake don Iya tana yi wa kanta komai. Idan aka kai tsohuwar baƙon ɗaki, ta zama wadda sai an riƙe hannunta zuwa bayan gida, ita kuwa ta ce gara a kai ta kabari. Zubaida ta sami fili can unguwar PK12 a bayan gari, ta zo wurin Maitama tana kuka.

Shagonsa aikin kwana biyu ne. Ɗakin Iya, in za a yi shi yadda ya kamata, kwana uku cur. Bai daɗe yana tunani ba. Ya je ya ce Iya ta kama hannunsa, ya rufe idonsa, ta zagaya da shi ɗakin sau biyu, duk abin da ta taɓa ya yi masa shaida. Sannan ya fara.

Joseph, mutumin Kafanchan mai motar kaya, shi ya yi jigilar, kuma shi ya ba da labarin rana ta uku. Suna ɗaure kayan ƙarshe cikin ruwa katafila ta hau shagon Maitama, ta niƙe teburin aikinsa na shekara talatin da duk abin da ke kai. Joseph ya ce ya kasa kallo. Maitama kuwa ko waiwaye bai yi ba, tambaya kawai ya yi ko katako mai lamba yamma goma sha ɗaya ya shiga mota.

Kwana tara ya yi yana mayar da ɗakin, ya fuskantar da shi yadda yake a da, don bangon da Iya take kallo ta yi sallah ya zama shi ne dai alƙibla. Zubaida ta ce tunda an zo nan a gyara ƙofar, ta daɗe tana kuka in an tura ta.

"A'a, 'yata," in ji shi. "Da kukan nan take sanin an shigo."

Ranar da aka kawo Iya daga gidan dangi a unguwar Nkembo, inda ta rame don tsoron motsi, sai ta saki hannun Zubaida a bakin ƙofa. Ta taka, ta shafa bango, ta rataye carbinta a ƙusarsa. Ta sami buta. Ta zauna bakin gado ta kasa kunne, ta daɗe. Babu dakan maƙwabciyarta Nazira, babu tarin ladan, babu hon ɗin taksi.

"Malam, ɗakin dai shi ne," ta ce. "To ina mutanen?"

Maitama yana tsaye a bakin ƙofa. Hularsa ya cire ya share ido.

Malam Maitama, wannan ba laifinka ba ne. Kai ne ka mayar wa makauniya da idonta, ka bar shagonka ya tafi ƙarƙashin katafila. Katako ka iya sa wa lamba, maƙwabta kuwa an watsa su, wasu Owendo, wasu sun koma gida, wasu ba a san inda suke ba. Yau tsufa ya cim maka, wannan watan ka ajiye guduma, kana kwana a ɗakin aro a unguwar London ta nan Libreville. Inda shagonka yake an tayar da bene mai hawa shida, maigadin ba ya barin kowa ya zauna a inuwarsa. Abin da ciwo, kuma ba wanda zai rubuta sunanka a jikin ginin. Mun gode, kafintan marasa fili. Allah ya gina maka gidan da ba a shafa wa jan fenti.

Mu kuma 'yan tsohon layin Lalala, ya yi nasa, saura namu, kuma namu bai kai zare ƙusa wuya ba. Taksi yana zuwa PK12. Ƙofar Iya Zinariya tana nan da kukanta, amma yanzu sau biyu take yi a rana: in Zubaida ta fita, da in ta dawo.