Taku Arba'in da Uku a Baƙi'a

Duk wanda ya zauna unguwar Anbariyya ta Madina a ƙarshen shekarun casa'in ya san Issoufou, ko bai san sunansa ba ya san tsawonsa. Ɗan Maraɗi ne, sai ya sunkuya yake shiga shagona na ɗinki. Ni kuwa Sabiru, Allah bai ba ni tsawo ba. In mun jero za mu masallaci sai mutane su ce ga malam nan da butarsa.

Karatu ya kawo shi Madina a 1993. Shekara tara ya yi a jami'a, har digiri na biyu, ya ɗauko matarsa Zulaiha daga gida suka kama ɗaki a unguwar Jurf. Larabci a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Mu masu aiki da iƙama, wato takardar zama, in al'amari ya cakuɗe mana da hukuma shi ke rubuta mana takardar roƙo, kuma da wuya a dawo da ita ba biyan bukata.

Saura shekara guda ya gama, 'yarsu Ikram ta rasu, watanta goma sha tara. Aka yi mata salla a Harami, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Kaburburan can ba suna ba rubutu, ɗan dutse ne kawai, kuma dubbai ne iri ɗaya. Ranar da aka rufe ta ya ƙirga: daga kwana ta biyu ta hanyar ciki, taku arba'in da uku, sai a juya dama. Mata ba sa shiga Baƙi'a. Saboda haka kowace Juma'a bayan la'asar Zulaiha takan tsaya bayan shinge, shi ya shiga ya tsaya a kan kabarin. Da yake dogo ne tana hango kansa daga nesa, sai ta san inda za ta fuskanta da addu'arta.

Da ya kammala karatu, iƙamar ɗalibi ta ƙare. Abokansa suna ta ɗaure littattafai a kwali, shi ko kwalin bai nema ba. Hamid, Bahaushen Madina wanda kakanninsa suka zo hajji da ƙafa suka zauna, yana da ɗan kamfanin dakon kayan alhazai wajen filin jirgi. Ya yarda ya tsaya wa Issoufou a nemi izinin aiki.

"Shuf ya shaikh," in ji Hamid da Hausarsa mai gauraye da Larabci, "amil za mu rubuta, lebura ke nan. Fasfo da hoto, bas. Kada ka ƙara komai, fahimt?"

A nan mutumina ya yi abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Ya ɗauki takardar digirinsa mai daraja ta ɗaya, ya maƙala a saman fayil. Jami'in da ya karɓa ya duba takardar, ya ɗaga kai ya dube shi.

"Ya ustaz, mai wannan ba ɗan dako ba ne. An koyar da kai ne don ka koma ka koyar da mutanenka."

Ya buga hatimin ƙi, aka ba shi wata biyu ya bar ƙasar.

"Wa ya aike ka?" na tambaye shi, har da buga almakashi a tebur. "Duk iliminka ba ka san a yi shiru ba?"

"Na ga kamar ɓoye ta yaudara ce, Sabiru," in ji shi.

Ya rubuta roƙo sau biyu da Larabcin nan da ya fitar da mu daga matsala, ba a ko waiwaye shi ba. Na uku layi biyar ne kacal, a kan Ikram. Da ya karanta mini sai na duƙa ina gyaran zaren keke, alhali zaren lafiyarsa lau. Amsar dai ita ce ta farko.

Mutane da yawa sun ce ya ɓace cikin gari kawai, ai ba shi ne farau ba. Ni ma na faɗa masa haka, ba zan ɓoye ba. Ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya ce wanda ke ɓuyar 'yan sanda ba zai iya miƙewa tsaye a tsakiyar Baƙi'a duk Juma'a ba, kuma in aka kama su aka kora, ƙila ba za su sake ganin Madina ba. Ya je ya nemo kwalaye.

Juma'arsa ta ƙarshe ya ja ni muka shiga tare. Ya yi takunsa arba'in da uku, ni kuwa sai da na yi hamsin da takwas. Ya sa na maimaita har sau uku, kamar mai karɓar hadda. Da muka fito Zulaiha ta ce mutum ɗaya ta hango, muka yi dariya mu uku, dariyar da ba ta kai ciki ba.

Sun koma Maraɗi a 2002. Yana koyarwa, an ce ɗalibai har waje suke zama. Ni kuma ban fasa zuwa kabarin duk Juma'a ba, ko da aiki ya yi mini yawa.

A 2008 Allah ya nufi Zulaiha da umara tare da yayanta, Issoufou bai samu zuwa ba. Ranar Juma'a ta tsaya a wurinta na da, ta kama ƙarfen shinge. Na shiga, na ƙirga hamsin da takwas, na juya dama. Na waiwaya, ko shingen ba na gani saboda mutane. Sai na buɗe lemata, na kama ƙarshen sandarta da hannu biyu, na yi ɗage, na ɗaga ta daidai inda kan Issoufou yake kaiwa.